Wanda ba tauraro ba, zai iya riƙe gida da wasan kwaikwayo kaɗai?

Malamin Adabi:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, musamman wurin waɗanda suka san harkar daga ciki. Ina koyar da Hausa a wata makarantar kuɗi a nan Kano. Tun ina sakandare nake wasan daɓe a ƙungiyar unguwarmu, kuma a 'yan shekarun nan an fara kirana fina-finai masu dogon zango: yau ɗan sanda, gobe maƙwabci, jibi abokin ango wanda ba ya cewa komai sai "Allah ya sanya alheri". Yanzu wani darakta ya ce zai ba ni rol mai ɗan tsoka, amma ranakun aiki za a riƙa fita lokeshan. Mai makaranta kuma ya ce ya gaji da uzurina, in zaɓi ɗaya. Ina da mata da yara biyu, gidan haya muke. Wanda ba a sa hotonsa a fosta, zai iya riƙe gida da wannan sana'a kaɗai?

Abban Sadiƙ:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka saki reshe ka kama ganye. Iyakar abin da zan ce ke nan.

Yaron Zoo Road:
Haba Abban Sadiƙ, albashin makarantar kuɗi ne reshe? Wanda sai wata ya kai goma ake ganinsa, lokacin hutu kuma a ce ba a biya? Malam ka shigo kawai. Dama sau ɗaya take zuwa, in ka ce wa darakta a'a yau, gobe wani zai kira.

Tsohon Ɗan Daɓe:
Ɗana Malamin Adabi, bari in ba ka labarin yadda muka taras da abin, sai ka auna da kanka.

A zamaninmu ba wanda yake cewa sana'arsa wasan kwaikwayo. In ka shiga ƙungiya irin su Tumbin Giwa ko Gyaranya ko Jigon Hausa, za ka taras da malamin firamare, da akawun ma'aikata, da tela, da ɗan tireda. Kowa ya tashi daga aikinsa bayan la'asar, a haɗu a ajin wata firamare a yi gwaji har magariba. Ba a ba ka ko sisi, kai ne ma kake ba da kuɗin mako na ƙungiya. In an samu gidan talabijin ya ɗauki wasanku, NTA ko CTV, ɗan abin da aka bayar baitulmalin ƙungiya yake shiga, ku kuwa ladanku shi ne a nuna ku a unguwa a ce ga wane. Turmin Danya da ake cewa shi ne mafarin fim ɗin Hausa na bidiyo a 1990, 'yan Tumbin Giwa ne suka yi shi, mutanen da kowannensu yake da inda yake cin abinci.

Ka duba manyanmu ma. Marigayi Usman Baba Pategi, Samanja, soja ne kuma ma'aikacin gidan rediyon Kaduna. Marigayi Rabilu Musa Ibro gandiroba ne kafin duniya ta san shi. Wasan a kan albashi aka gina shi tun asali.

Yaron Zoo Road:
Baba, da girmanka, amma misalin Ibro ai ni ya goya wa baya. Da bai cire kakin gandiroba ba, da wa zai san shi?

Tsohon Ɗan Daɓe:
Yaro, Ibro mutum nawa ne? Sunansa kaɗai in an rubuta a kwalin kaset, ɗan kasuwa ya san ya sayar. Kai ka ƙirga min mutanen da suka yi ta fitowa a bayansa suna ba shi amsa, ka gaya min nawa ne suka gina gida da abin. Kuma kasuwar da ta ɗauke shi, ta kaset da faifai, yau tana ina?

Manajan Lokeshan:
Ni aikina ke nan, ni nake kiran 'yan wasa a waya, ni nake miƙa musu sallama in an tashi. Don haka bari in faɗi yadda kuɗin yake tafiya, ba yadda ake hasashe ba.

Babban jarumi da jaruma, da su ake ciniki tun kafin a fara, wani lokaci a ba su kafin alƙalami. Sauran kuwa, galibi kiran waya ne: "Gobe ƙarfe takwas a wuri kaza, ka zo da manyan kaya kala biyu." Ba a faɗi kuɗi ba, shi ma kunya ba ta barinsa ya tambaya. Ya zo takwas, ba a ɗauki sin ɗinsa ba sai bayan isha'i, saboda jarumin da za su yi tare yana wani lokeshan. An tashi, a ba shi abin da furodusa ya ware, ko a ce za a turo. Wani furodusan yana lissafi da yawan sin, wani da yawan kwana, wani da fuskar mutum kawai. Ba wani tsayayyen farashi da ya hau kan kowa.

Abin da ya fi wannan muhimmanci, Malam, shi ne sallamar nan ita ce ta farko, ita ce ta ƙarshe. In fim ɗin ya yi shekara biyar a YouTube ana kallo, kuɗin talla asusun mai tashar yake shiga. In an sayar wa gidan talabijin, na furodusa ne. Kai ka riga ka karɓi naka ranar da ka cire kayan wasa.

Kuma kada a ɗauka duk mugunta ce. Lokacin kaset, furodusa yana buga kwali ya kai wa diloli a Ƙofar Wambai da Bata, kuɗi na juyawa, fina-finai na fita kowane mako, ƙaramin ɗan wasa yakan tashi daga wannan lokeshan ya faɗa wancan. Satar fasaha ta zo, masu tura fim a waya suka zo, fassarar fina-finan Indiya ta zo, kasuwar faifai ta mutu murus. Yau mai fim yana zuba kuɗinsa ne ya jira YouTube, kuma abin da talla take biya a kan mai kallo daga Najeriya kaɗan ne in aka kwatanta da mai kallo daga Saudiyya ko Turai. Wanda bai mayar da uwar kuɗinsa ba, da me zai ƙara maka?

Uwar Jarumai:
Manaja, ka faɗi gaskiya amma ka rufa wa iyayen gidanka asiri a ƙarshe. Furodusan da yake kukan bai mayar da uwar kuɗi ba, shi ne yake sauya mota.

Ni na daɗe ina fitowa a uwa. Na haifi jarumai a fim sun fi a ƙirga, wasu ma sun girmi ƙannena. Ɗana Malamin Adabi, abin da ba a gaya maka ba shi ne kai za ka riƙa kashe wa aikin kuɗi. Kayan da za ka sa naka ne. In an ce Alhaji mai kuɗi za ka fito, kai za ka nemo shadda da hula da agogo, ko na aro ne. Mu mata abin ya fi tsanani: atamfar da aka gan ki da ita a wannan fim, in kika maimaita a wani, 'yan kallo sai sun yi magana. Ga kuɗin adaidaita zuwa bayan gari, ga dawowa tsakar dare.

Kun manta surutun da aka yi a Fabrairun 2022? Ladin Cima, wadda ta girme mu duka a harkar, ta yi hira da BBC Hausa ta ce dubu biyu, dubu uku, dubu biyar ake ba ta. Ali Nuhu da Falalu Ɗorayi suka fito suka ce su sun biya ta fiye da haka nesa ba kusa ba. Aka yi ta cacar baki, kowa ya kama ɓangare. Ni abin da na gani shi ne duka biyun suna iya zama gaskiya. Akwai mai ba ka da daraja, sau ɗaya ko biyu a shekara. Sauran kwanakin kuma na masu dubu biyun ne, kuma cefane kullum ake yin sa.

Abban Sadiƙ:
Allah ya saka da alheri Hajiya. Ga Baba Karkuzu na Jos ma, Allah ya jiƙansa. Mutumin da muka tashi muna kallo a talabijin, da tsufa ya zo idonsa ya tafi, sai da ya fito yana neman taimako, ɗan ƙwallo Ahmed Musa ya saya masa gida. Sana'ar da ba fansho, ba asibiti.

Yaron Zoo Road:
To makarantar kuɗin fansho take bayarwa? Ku riƙa adalci mana. Kun ɗauko waɗanda abin bai yi wa daɗi ba kun jera. Ali Nuhu fa? Digirinsa na labarin ƙasa ne daga Jami'ar Jos, da ya tsaya neman aikin ofis da yanzu wa ya san shi? Ga shi tun Janairun 2024 shi ne shugaban Hukumar Fina-finai ta Najeriya.

Manajan Lokeshan:
Ƙanena, ka duba da kyau, duk wanda ka ga ya yi ƙarfi a harkar nan, ba da kuɗin fitowa kaɗai ya yi ba. Ko ya buɗe kamfani yana shirya nasa, ko yana ba da umarni, ko kamfanoni suna ɗaukarsa talla, ko yana da shagon kaya, ko lokacin siyasa ya samu. Fitowar ita take kawo suna, sunan ake sayarwa. Malam kuma tambayarsa a kan wanda bai kai ga sunan ba ce.

Abu Muhsin:
Ni duk ba ta nan nake kallon abin ba. Malami ne kai, yara suna ganin girmanka, iyayensu suna gaishe ka. Ka bar wannan ka koma inda ake cakuɗa maza da mata har dare? Gobe in an zo neman auren 'yarka a ce ubanta ɗan fim ne. Ka yi tunani.

Uwar Jarumai:
Malam Abu Muhsin, na aurar da 'ya'yana, kuma surukaina ba su fasa gaishe ni a tsugune ba. Ɓata-gari akwai su a fim, akwai su a kasuwa, akwai su a ofis. Amma maganarka tana da inda ta taɓa tambayar, ko da ba haka ka nufa ba: wannan kallon da jama'a suke mana yana shafar abincinmu. A 2007, da abin kunyar nan na mutum ɗaya ya faru, wato bidiyon batsa na wata jaruma da ya yaɗu, gwamnatin Kano ta dakatar da ɗaukar fim wata shida, aka naɗa Malam Rabo shugaban Hukumar Tace Fina-finai, aka ɗaure wasu, har Ibro da Iyan-Tama sun shiga gidan yari a 2008. Masu hali suka kwashe kamara suka koma Kaduna da Jos. Mu ƙanana da ba mai ɗaukar nauyin tafiyarmu, a gida muka zauna. Ni ɗinki da 'yar sana'ar cikin gida suka riƙe ni. Sana'ar da sanarwa ɗaya a rediyo za ta iya tsayar da ita, ba a jingina mata yara biyu da kuɗin haya.

Ɗan Samaru:
Ina ganin mun ƙuntata ma'anar ɗan wasa, mun mayar da shi mai fitowa a fim ɗin YouTube kawai. Ni a ABU Zariya na karanci wasan kwaikwayo, a dandalin nan na ginin ƙasa da aka yi tun shekarun 1970. Abin da aka fi sanin sashen da shi shi ne kai wasa ƙauye: a zauna da manoma a ji damuwarsu, taki ne ko ruwa ko rikicin gona, a gina wasa da su, a yi shi a dandalin gari. Har gobe ƙungiyoyin lafiya da na raya karkara suna neman masu iya wannan, a kan rigakafi, haihuwa a asibiti, karatun 'ya'ya mata. Suna biya da takarda, da kuɗin kwana.

Ga wasan rediyo, wanda ba ya neman shadda ko kyan fuska, murya da iya karatu kawai. Ga tallan rediyo. Ga ɗora murya a fina-finan fassara. Ga rubutu, kuma nan nake so Malam ya buɗe kunne: fim mai dogon zango yana cin labari kamar me, kowane mako sai an fitar da sabon kashi, masu iya rubuta zance mai daɗin Hausa kuwa ba su da yawa. Malamin adabin da ya san daɓe, ya san karin magana, ya san yadda tsohuwa take magana da yadda ɗan tasha yake yi, ya fi tsada a kan takarda fiye da a gaban kamara. Wanda na sani yana rayuwa da harkar nan zalla, to ya haɗa uku ko huɗu daga cikin waɗannan ne.

Tsohon Ɗan Daɓe:
Ɗan Samaru, na yarda da kai sai dai wuri ɗaya. Ku 'yan jami'a kun cika son takarda. Mu da aka horar a daɓe, darakta zai ce maka: "Kai ne uba, 'yarka ta ƙi wanda ka zaɓa mata, ka nuna ɓacin rai amma kada ka zage ta." Shi ke nan. Zancen daga cikinka zai fito. A gaban jama'a kake, ba a cewa a sake, in ka yi sanyi yara su yi maka ihu. Yanzu ina ganin yara a lokeshan, an ba su layi uku sun haddace, in abokin wasa ya sauya kalma ɗaya sai su tsaya suna kallon darakta.

Ɗan Samaru:
Baba, Allah ya ƙara girma, ai wannan horon naku shi muke zuwa ƙauye mu koya. Amma a fim mai kashi hamsin, in kowa ya faɗi abin da ya zo bakinsa, a kashi na talatin za a taras uban da ya ce bai taɓa zuwa Legas ba yana ba da labarin zamansa a Agege. Dole a rubuta.

Mushe na Damagaram:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Ni ma mushen lakwal ne kamar mai tambaya, shi ya sa na sa baki. Wajenmu a Nijar, wanda duk ya girma da rediyo da tele ya san Yazi Dogo da ƙungiyarsa, kuma shi ma malamin makaranta ne. Zamanin shugaba Kunce, samariya, wato ƙungiyar matasa, ta kowace unguwa tana da 'yan wasanta, ana gasa tun daga gari har bikin matasa na ƙasa. Gwamnati ce ta riƙe abin, da ta saki sai ya yi sanyi. Yanzu yaranmu masu sha'awa Kano suke nufa, wasu su dace, da yawa su dawo. Ni ban bar aji ba. Wasan nake yi da 'yan lakwal ɗina, lokacin hutu kuma in an kira ni in tafi. Ban yi suna ba, amma ban taɓa jiran sallamar wani kafin in auno hatsi ba.

Malamin Adabi:
Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Manaja, tambaya ɗaya: in na karɓi rol ɗin, ba za a iya tattara min sina-sinaina a Asabar da Lahadi ba? Kuma ina jin ana maganar rajista.

Manajan Lokeshan:
Ana yi, amma ga wanda ake tsoron rasawa. Jadawali a kan lokacin manyan jarumai da gidan da aka ara ake gina shi. In mai gida ya ce Talata kaɗai zai ba da falonsa, to Talata za a yi, ko kana da jarrabawa. Sai dai ka gwada: ka nemi sikirif tun yanzu, ka ƙirga sin ɗinka, ka ga da wa da wa kuke haɗuwa, a wane gida. In yawancinsu wuri ɗaya ne, mai tsara jadawali zai iya haɗe maka su a kwana biyu. Ka je masa da lissafinka a hannu, kada ka je da roƙo.

Ka kuma sani rol mai ɗorewa yana ɗaure mutum. Gemun da ka fara da shi, da shi za ka gama, ko wata nawa za a yi. Kayan da ka sa a sin na farko, in ci gabansa sai bayan wata biyu, mai kwantiniti, wato mai lura da daidaiton kaya daga sin zuwa sin, zai neme su, kada ka ce ka bayar. In kuma marubuci ya ga dama, ko kuka saɓa da furodusa, a kashi na gaba a ce ka yi hatsari a hanyar Zariya, an gama da kai.

Rajista kuwa, a Kano kana bukatar ta Hukumar Tace Fina-finai, wadda aka kafa tun 2001, sannan ka shiga ƙungiyar 'yan wasa a ƙarƙashin MOPPAN, uwar ƙungiyar masu sana'ar fim. Ka yi, don ranar da rigima ta taso a kan kuɗi, nan za ka kai ƙara. In kana son aiki mai tsari, ka sa ido a kan odishin, wato gwajin zaɓen 'yan wasa, na tashoshin talabijin. Tun da Arewa24 ta fara a 2014 aka ga bambanci, shirinta Daɗin Kowa ya fito da fuskokin da da ba a san su ba, kuma irin wannan aikin akwai takarda da jadawali. Sai dai gurbin kaɗan ne, masu nema kuwa ba iyaka.

Yaron Zoo Road:
Ko kuma ya buɗe tasharsa a YouTube ya huta da jiran kira. Waya mai kyau da abokai uku sun isa.

Ɗan Samaru:
Sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo kafin kuɗin talla ya fara shigowa, kuma kafin nan data da tace hoto daga aljihunsa. Ba na hana shi, amma wannan dalili ne na riƙe albashi, ba na ajiye shi ba.

Uwar Jarumai:
Manaja, ka ce ya je da lissafi kada ya je da roƙo. To ka gaya masa sauran. Ni na taɓa cewa wani furodusa ya faɗa min kuɗina kafin in fito daga gida, in da hali ya rubuta min ko a saƙon waya ne. Ya ce to Mama, ba damuwa. Sai a talabijin na ga wata ta fito a uwar. Aka kuma yi ta yaɗawa wai na fara girman kai.

Manajan Lokeshan:
Hajiya, wannan ba a kamfaninmu aka yi ba dai ko?

Uwar Jarumai:
Ban kama suna ba, ɗana. Amma tunda ka tanka, akwai cikon sallamata ta aikin bayan Sallah, ka tuna wa maigidanka.